Wanda Ya Rubuta Shi Ne Zai Hau Motar

A duk faɗin Kademi babu wanda ya taɓa kirana jarumi, ni ma kuma ban taɓa kai ƙarar kowa a kan haka ba. Ko a gona aka ce ga maciji, ni ne na farkon isa gida in ba da labari. To irin wannan mutumin ne Allah ya ɗauka da furfurarsa da tumbinsa, ya kai shi arewacin Suwidin, ya sa shi a babbar mota a kan ruwa.

Karatu ne ya kai ni. Na daɗe ina koyar da lantarki da ƙananan na'urori a wata makarantar fasaha, sai aka samu gurbin horo, rabi a jami'a, rabi a wani kamfanin ƙera manyan motoci. Yayana Isa, wanda ke aiki a sakatariyar Ajingi, shi ya matsa sai na nema. Ya ce, "Garba, kai dai surutu ka iya. Je ka yi musu shi da Turanci mu huta."

Zangon farko babban birnin ƙasar ne. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Sule, wanda aka haɗa ni da shi ta waya, ya yi mini alkawarin ɗaki, har da hoto mai gado da taga da fure a tukunya. Da na isa sai ya yi ƙasa da ni, muna ta sauka matattakala har na fara tunanin ko rijiya aka kama mini haya. Ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin bene, ni da kekuna da wata tsohuwar katifa.

Na ce, "Malam Sule, ina tagar?"

Ya ce, "Haba Malam. A ƙasar nan taga ai asara ce, sanyi kawai take shigo maka da shi."

Ban yi mako ba tsohuwar da ke kula da ginin ta buɗe ƙofa ta same ni a kan darduma. Ashe Sule ba shi da ko ƙusa a gidan. Na kira wayarsa, a kashe, kuma har na bar ƙasar ba ta kunnu ba. Na zauna ina jiran 'yan sanda, ina tsara yadda Yaya zai ba da labarin a majalisa. Tsohuwar ta tafi, ta dawo da shayi da wata ƙatuwar rigar sanyi ta marigayi mijinta. Ita ta buga waya har aka sama mini ɗaki a gidan ɗalibai. Ba mu fi kalma goma da muke fahimtar juna ba, amma har yau tana cikin waɗanda nake tunawa da alheri.

Zango na biyu shi ne wurin aikin. Shugabata wata injiniya ce, Malama Karin, mace marar yawan magana wadda in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuno duk ƙaryar da ka taɓa yi tun firamare. Ita ta ɗora ni a kan aikin da ya kusa cinye ni.

A cikin babbar motar zamani akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Ayyuka ne a layi a gabanta: birki, sitiyari, fitilu, allon direba, rediyo, hita, da sauransu. Ita kuma aiki ɗaya take taɓawa a lokaci guda, sai dai saurinta ya sa kake ganin kamar duk tare take yi. Kowane aiki da wa'adinsa. Na rediyo in ya makara, waƙa ce za ta ɗan sarƙe. Na birki in ya makara da ɗan tsagin daƙiƙa, sai dai a je ta'aziyya. A tsohon tsari, jadawali ake rubuta mata kafaffe, ko sama za ta faɗo ba ta canzawa. Ni abin da aka ba ni in gina shi ne tsari mai lura da kansa. In ya ga aiki ya yi wa kwamfutar yawa, sai ya sallami marasa muhimmanci daga layi, ya bar wa na ceton rai fili, in an samu sauƙi ya dawo da su.

Na gwada yi wa maiɗakina bayani a waya. Na ce, "Maman Ummi, ki ɗauka rijiyar unguwarmu ce, guga ɗaya, mutane sun yi layi. Sai gobara ta tashi. Ni ne mai cewa masu wanki su koma gefe, masu kashe wuta su ɗiba."

Ta ce, "To Allah ya taimaka. Kana cin abinci kuwa?"

Ba na ci. Dankali da kifi mai sanyi ne, kullum. Akwai ranar da na tsaya a kantin wasu Larabawa na ga kuɓewa busasshiya a leda, na riƙe ta ina kallo har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya.

Na kasa ayyukan motar gida uku: na rai, na buƙata, da na jin daɗi. Kason farko Malama Karin ta tsefe shi kamar mai neman kwarkwata, ta auna lokacin birki ta sake aunawa har na fara mafarkinsa. Kaso na uku kuwa ni na ɗaure shi ƙunshi guda, rediyo da hitar kujera da hitar ɗaki da fankoki da injin sauke gilashin ƙofa. A wurina duk kayan gata ne. A kan tebur tsarin ya yi aiki tsaf, har na fara tafiya ina ɗan buɗa kafaɗa.

Mutanen can suna da al'adar taruwa shan kofi da hantsi. A nan, ina tsaka da ba su labarin yadda zafin Gaya ke dafa ƙwai a aljihu, Malama Karin ta ce, "Wata mai zuwa za mu tafi arewa gwaji. Kai za ka zauna kusa da direba."

Na ce, "Ni? Ai ni marubuci ne, ranki ya daɗe, ba kwandasta ba."

"Wanda ya rubuta shi ne yake hawa. Haka ake yi a sashen nan tun kafin in zo."

Na yi dariya na duba fuskokin sauran. Babu wanda ya taya ni. Na ce, "A wane titi?"

Ta ce, "Ba titi ba ne. Tafki ne."

Da yamma na kira Yaya Isa. Ya ce, "Tafki dai na ruwa?"

"Ya daskare, Yaya."

"Har ƙasa?"

"A'a. Sama kawai."

Na ji yana jan numfashi. Can ya ce, "Ka ce musu ba ka da lafiya. Kai da ko kududdufin bayan gari ba ka taɓa shiga ba." Kafin ya kashe ya ƙara da cewa, "Kada ka kuskura Inna ta ji."

Na yi tunanin ciwon ƙaryar, har na zaɓi ciwon baya. Amma sai na ga ma'anarsa: birkin da na ƙi hawa da kaina, shi zan miƙa a sa wa motar da uban wasu zai tuƙa. Wannan ya tsaya mini a wuya. Na haɗa jaka.

Zango na uku jirgin ƙasa ne ya kai mu, tafiya kamar ba za a isa ba, itatuwa da farar ƙanƙara, ba gida ba akuya. A can rana leƙowa kawai take yi ta ga ba kowa ta koma. Ka sallame azahar, kafin ka naɗe darduma la'asar ta shiga, kana gyara hula an yi magariba. Sanyin kuwa, in ka yi atishawa sai ka ji ta faɗi ƙasa ta fashe.

Direban sunansa Nils, amma ni Dogo na sa masa, kuma bai taɓa tambayar ma'anar ba. Dattijo ne, kullum da taba a ƙarƙashin leɓe kamar tsofaffin garinmu. Shi ya taka da ni kan tafkin ranar farko. Fili ne fari fat, iya ganinka. Ya nuna mini jajayen sanduna da aka kafa a jere. Ya ce tsakaninsu an auna kaurin ƙanƙarar, za ta ɗauki mota da kaya. Ya nuna can ƙarshe, inda rafi ke shigowa tafkin, ya ce wajen sanduna ta wancan gefen ba a zuwa. Muna tsaye sai na ji wani dogon gurnani daga ƙarƙashin ƙafata, kamar ƙaton sa yana juyi a barci.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Ƙanƙara ce. Tana yi."

Sannan ya ciro wasu tsinkunan ƙarfe biyu masu mariƙi, ɗaure da igiya, ya rataya mini a wuya. Ya ce in mutum ya faɗa ruwa, da su zai caki bakin ƙanƙara ya jawo kansa. Kyauta ce ya yi mini da zuciya ɗaya, amma tunda nake ba a taɓa ba ni kyautar da ta hana ni cin abinci irin wannan ba.

Ranar gwaji aka loda wa motar bulullukan siminti. Malama Karin na cikin wata bukkar katako a gaɓa da kwamfutarta da oba-oba. Shirin shi ne, in mun ɗau gudu za ta yi wa 'yar kwamfutar motar ambaliyar saƙonnin bogi har ta shaƙe, mu zaga tafkin a haka, sannan a wurin wata tuta Dogo ya taka birki da ƙarfi. Ni kuma ina zaune da kwamfutar cinya ina kallon layin ayyuka.

Muka hau. Tun daga gaɓa na fara addu'a. Duk wadda na sani na yi, har da ta shiga kasuwa. Numfashi nake kamar zugazugin maƙeri.

Muryar Malama Karin ta fito a oba-oba. "Na fara."

Waƙar rediyo ta ɗauke. Ɗumin kujera ya fara janyewa. Hurin fanka ya yi shiru. A allona na ga tsarin ya kori ƙunshin jin daɗi gaba ɗaya, birki da sitiyari suna samun rabonsu a kan kari. Duk da tsoron da nake ciki sai da na ce, "Dogo, ka gani? Aikina ne wannan."

Ƙasan gilashin gaba yake kallo. Wani fari-fari ne ya fara tasowa daga kusurwa. Ya murɗa makunnin fanka. Shiru. Ya sake murɗawa.

Ya ce, "Fankar gilashi."

Na ce, "Tsarin ya ajiye ta. Tana cikin kayan jin daɗi."

Ranar ce karon farko da mutumin nan ya juyo ya dube ni ido cikin ido. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya sa safar hannu ya goge gilashin. Inda ya goge ya daskare nan take, ya fi da muni. Tururin bakinmu ne, kuma rabi da kwata nawa ne, yake sauka a gilashin yana zama ƙanƙara ta ciki. Kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa gaba ya rufe, gefe ya rufe. Muna cikin farin akwati, a guje, a kan kwana, da siminti a bayanmu. Ya danna maɓallin sauke gilashin ƙofa don ya leƙa. Shi ma yana cikin ƙunshin.

Ya ɗauki oba-oba ya ce, "Tsayar. Ba na gani."

Ta tsayar da ambaliyar nan take. Amma fanka ba ta dawo ba, kuma na san dalili. Ni na rubuta cewa kada tsarin ya yi gaggawar dawo da waɗanda ya kora sai ya tabbatar lafiya ta zauna, don kada ya riƙa kai-komo. A ofis wannan dabara ce mai kyau, har yabo na sha a kanta.

Sai na ji ƙwas a gaban motar. Sai wani ƙwas ɗin. Sanduna ne muke kaɗewa. Mun bar hanya, kuma ta gefen rafi.

Dogo ya taka birki. Wanda bai hau babbar mota a kan ƙanƙara ba ba zai gane ba, ba tsayawa take yi ba, ciniki take. Birkin yana kamawa yana saki da sauri, motar na karkarwa, kuma kowane kamu ɗaya sai ya bi ta layin nan da na tsara da hannuna. In ɗaya ya makara tayoyi za su ƙulle, kayan baya su juyo da mu. Ban iya kallon allon ba. Na damƙe tsinkunan wuyana, na yi kalmar shahada, na ga fuskar 'yata Ummi ƙarara kamar tana gabana. Muna ta sulɓewa. Ni a lissafina mun yi tafiyar Gaya zuwa Ajingi a haka.

Motar ta tsaya.

A ƙarƙashinmu wani abu ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara, ya amsa can nesa. A daidai lokacin tsarina ya gamsu cewa lafiya ta zauna. Fanka ta taso, rediyo ya kama, wata mata ta ci gaba da waƙarta. Gilashin ya fara washewa daga ƙasa kamar ana ɗaga labule, kuma abin da ya fara nuna mana shi ne inda farin ya ƙare, wani baƙin wuri mai danshi yana sheƙi a gaban hancin motar, kusa ƙwarai.

Dogo ya kashe injin. Ya ce a hankali, "Buɗe ƙofa sannu. Ka bi sawun taya. Kada ka yi gudu, kuma kada ka matso kusa da ni."

Ni da nake gudun maciji tun ban gan shi ba, ranar aka ce kada in yi gudu. Na taka kamar mai tafiya a kan ƙwai, ina jin nauyin kowace lomar tuwon da na taɓa ci a duniya. Motar kuwa sai daga baya aka jawo ta da doguwar igiyar ƙarfe daga nesa.

A bukka Malama Karin ta miƙa wa Dogo kofi, ta miƙa mini nawa. Ta jira na zauna. Ta ce, "Fankar gilashi me take yi a cikin kayan jin daɗi?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a garinmu fanka ta mai hali ce. Motar da ba ta da ita sai a sauke gilashi a sha iska. Ban taɓa jin rashin fanka ya makantar da direba ba."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ma birki na yi ta dubawa, ban kwance wannan ƙunshin ba. Birkinka bai makara ko sau ɗaya ba, na gani. Ka mayar da fankar cikin na rai, da gilashin ƙofa. Amma ka sani kwamfutar ba ta ƙara girma ba. Duk lokacin da ka ba fanka, daga bakin wani za ka cire shi."

Na ce, "Sannan?"

"Sannan a sake hawa."

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar kanta wuya. Da farko ina tsoron abin da ban sani ba ne, yanzu kuwa na ga baƙin ruwan da idona. Na rage wa allon direba sauri, na matse na'urar da ke ajiye bayanan tafiya, na samo wa fanka gurbi. Amma sararin da ke tsakanin birki da wa'adinsa ya ragu, dole. Lissafi ya ce zai isa. Malama Karin ta duba, ta kwance kowane ƙunshi wannan karon, ta ce zai isa. To wancan karon ma ai lissafi cewa ya yi lafiya.

Maman Ummi ta kira tana ba ni labarin an gama ɗaukar gyaɗa, akuyar maƙwabta ta shiga rumbu. Can ta tsaya. "Malam, yau ba ka yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Me ya faru?"

Na ce, "Sanyi ne ya kama mini baki."

Ta ce, "To. Zan sa yara su yi maka addu'a." Ba ta sake tambaya ba.

Malama Karin ta gaya mini cewa an ba Dogo zaɓi, in ya so a kawo wani direban, kuma babu mai ganin laifinsa. Na ce ni ma da ni ne shi ba zan sake zama kusa da ni ba. Da gari ya ɗan yi haske na fito gaɓa sai na tarar da motar tana ɗumi, shi yana zaune a ciki. Na hau na rufe ƙofa.

Ya ce, "Ka gyara?"

"Na gyara."

"Za ka hau?"

"Ga ni a zaune."

Ya gyaɗa kai ya sa giya.

Muka ɗau gudu. Muryarta ta ce, "Na fara." Waƙa ta ɗauke, kujera ta huce, sanyi ya fara cizon gwiwata. Na kasa kunne. Fanka na hurawa. Na dinga numfashi ta cikin hannun riga don kada in ƙara mata aiki. Muka sha kwanar nan, jajayen sanduna na wucewa ta dama da hagu kowanne a tsaye, har da sababbin da aka kafa a madadin waɗanda muka kaɗe. Gilashi tas. Kuma gaskiya ganin ma wata azaba ce, domin yanzu ina kallon tutar tana taho mana, a bayanta kuma ƙarshen hanya, Dogo bai ko motsa ƙafa ba.

Ya taka. Motar ta kama karkarwa, kamu da saki, kamu da saki. Wannan karon na tilasta wa idona kallon allon. Aikin birki na shiga yana fita, kowane zagaye kafin wa'adi, da ƙyar amma kafin wa'adi, fanka na bin bayansa tana karɓar ɗan rabonta. Muka tsaya, hanyar da ta rage a gabanmu da saura mai yawa.

Oba-oba ya yi ƙara. "Ya yi," in ji Malama Karin. Iyakar yabon ke nan.

Dogo ya gyara tabarsa, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Na buɗe ƙofa, na zura ƙafa ɗaya zan sauka in yi sujjadar godiya, sai na tuna abin da ke ƙarƙashin wurin da zan sa goshin. Na mayar da ƙafata na ja ƙofar.

Na ce, "Dogo, kai ni gaɓa tukuna. A hankali."